Mashayi a Adabin Hausa: Mun Nuna Faɗuwarsa, Ina Tashinsa?

Gabatarwa

A wani zaman karatu da muka yi a nan Zuru cikin daminar da ta wuce, matasa uku sun karanta mana gajerun labarai, kuma ba tare da sun haɗa baki ba, kowane labari ya zo da mashayinsa. Na farko mota ta buge shi yana tangaɗi a kan hanyar Dabai. Na biyu ya haukace, ya koma kwana a tasha. Na uku ya ji wa'azi ranar Juma'a, ya fashe da kuka, ya je gida ya farfasa kwalabensa, marubucin kuma ya rufe labari da cewa daga wannan rana bai ƙara sha ba. Aka tafa, aka yaba. Sai wani dattijo, tsohon soja, wanda yakan zo ya zauna a baya ba ya cewa uffan, ya ɗaga hannu ya ce wa mai labari na uku: "Ɗana, ka iya rubutu. Amma ka tsaya a inda labarin zai fara. Ni da na sha shekara ashirin, na san cewa Juma'a mai sauƙi ce. Ka ba mu labarin Asabar da safe."

Wannan magana ita ce ta haifar da wannan sharhi. Abin da muke son mu nuna shi ne, adabinmu ya ƙware wajen zana faɗuwar mashayi, amma har yanzu bai koyi zana tashinsa ba, musamman irin tashin da ake yi a cikin jama'a, inda waɗanda ciwo ɗaya ya dama suke haɗuwa su riƙe juna. Za mu dubi abin da magabata suka bar mana, mu dubi yadda irin wannan zama yake da yadda ake nemansa, sannan mu ga abin da marubuci zai tsinta a ciki.

Abin da Magabata Suka Bar Mana

Duk wanda ya yi karatun Hausa a sakandare ya haɗu da "Waƙar Giya" ta Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta kuma fasihin mawaƙi, wanda ya rasu a 1958. Jigonta gargaɗi ne. Mawaƙin ya jera illolin giya ga addinin mutum da mutuncinsa da dukiyarsa, da harshe mai kaifi wanda ba ya barin wurin ɓuya. Mun sha koyar da ita a aji, kuma ba mu da ja a kan ƙarfinta. Sai dai a lura da inda mawaƙin yake tsaye: yana kan tudu ne yana nuna wanda yake cikin rami. Irin wannan waƙa tana tsare yaron da bai fara ba. Wanda ya riga ya yi nisa kuwa, duk abin da aka lissafa masa ya fi mai lissafin saninsa, domin a jikinsa yake.

A fagen wasan kwaikwayo muna da Uwar Gulma na Alhaji Mohammed Sada, wanda aka buga a 1968. A ciki mun ga Hayatu, miji mai giya da caca, da matarsa Halima wadda take shan azabarsa. Wasan ya yi adalci ga Halima, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin matar mashayi da 'ya'yansa su ne suke biyan bashin da ba su ci ba. Amma Hayatu ta fuskar ɓarnarsa kaɗai muke ganinsa. Wasan bai ɗauki nauyin nuna mana hanyar da irinsa zai bi ya rabu da kwalba ba, kuma yawancin waɗanda suka biyo baya a kan wannan turba suka tsaya. A littattafan soyayya da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1980 zuwa 1990, kwalba da taba sun zama tambari kawai: da zarar an ga saurayi da su, mai karatu ya san ba shi zai auri tauraruwa ba.

Abin mamaki, wanda ya fi kusa da gane sirrin al'amarin shi ne wanda aka fi zargi a kansa, wato Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Waƙarsa ta "A Sha Ruwa" ta jawo masa suka mai yawa, kuma ba mu zo nan don mu wanke ta ba. Abin da ya kamata manazarci ya lura da shi, shi ne daga cikin majalisa aka rera ta. Tana nuna cewa abin da yake riƙe mashayi ya haɗa da abokai, da raha, da wurin da idan ya iso za a matsa a ba shi benci. Mai wa'azi yana ganin kwalba, Shata ya ga mutanen da suke kewaye da ita.

Wannan giɓi ba a adabin Hausa kaɗai yake ba. Marubucin Faransa Emile Zola ya fitar da littafinsa L'Assommoir a 1877, inda ya bi wani ma'aikaci tun daga ƙoƙon farko har zuwa mutuwarsa cikin ruɗewa a asibitin masu taɓin hankali. Faɗuwa tana da sauƙin rubutawa a kowane harshe, saboda gangara ce, labari yana tura kansa. Tashi kuwa hawa ne, kuma sai wanda ya san hanyar yake iya kwatanta ta.

Asabar da Safe

To, mene ne yake faruwa ranar Asabar? Abu na farko a jiki yake. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sha kullum, idan ya yanke farat ɗaya, cikin sa'o'i kaɗan hannunsa zai fara rawa, gumi ya karyo masa, zuciya ta riƙa bugawa, barci ya ƙaurace. Wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya a cikin kwana biyu na farko. Wasu kuma a kwana na biyu zuwa na uku sukan shiga ruɗewa da gane-gane, kuma wannan hali yana iya kisa idan ba a kai mutum asibiti ba. Saboda haka labarin da ya nuna tsohon mashayi ya fasa kwalba ya kwana lafiya, ban da raunin fasaha, yana koyar da abin da zai iya halaka mai karatu. Wanda ya yi nisa a sha, likita ya kamata ya fara gani kafin ya yanke.

Abu na biyu a cikin jama'a yake. A ƙasar Zuru, inda Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya sukan fito daga tsatso ɗaya, burkutu da ake dafawa da dawa tana da tsohon gurbi a wasu gidaje: a wurin gayya, a ranar kasuwa, a bukukuwan gargajiya. A kan wannan aka ƙaro giyar kwalba, da ogogoro, da 'yan ƙananan ledoji masu arha waɗanda hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana su a 2024. Ga kuma tsofaffin sojoji, waɗanda ƙasar nan ta yi suna wajen samar da su, wasunsu sun dawo daga bariki da fagen daga da abin da ba sa iya faɗa wa iyali. Mutumin da ya daina sha a irin wannan wuri, da la'asar ta yi ina zai nufa? Tsofaffin abokai suna yi masa ba'a, mutanen kirki ba su gama yarda da shi ba, a gida kuwa an ji alkawarinsa sau goma. Wannan kaɗaici shi ne yake mayar da mafi yawa 'yar gidan jiya.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma kimanin mutum miliyan 400 ne suke fama da matsalar sha a duniya. Mu a nan harshen kamu da hukunci muka fi sani. Jihohin Arewa da dama, har da tamu, sun ƙaddamar da shari'ar Musulunci daga shekarar 2000, kuma doka tana da aikinta. Amma doka ba ta zama da mutum da tsakar dare. Mun kuma ga inda rashin mafita yake kai iyaye, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen mari a Kaduna da Daura a 2019, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa.

Zaman Masu Ciwo Ɗaya

A watan Mayu na 1935 wani dillalin hannun jari mai suna Bill Wilson, wanda ya yi 'yan watanni da daina sha, ya je garin Akron na ƙasar Amurka kan wata harka, harkar kuma ta rushe. Yana zaune a otal sai ƙishirwar giya ta taso masa. Maimakon ya shiga mashaya, sai ya shiga buga waya yana neman wani mashayi da zai yi magana da shi, domin ya lura cewa duk lokacin da yake ƙoƙarin taimakon wani, shi ne yake samun sauƙi. Aka haɗa shi da wani likitan tiyata, Dakta Bob Smith, wanda giya ta kusa raba shi da aikinsa. Likitan ya ce minti 15 kawai zai bayar, sai ga shi sun kwashe sa'o'i suna hira. Ranar 10 ga Yuni, 1935, wadda ake ɗauka a matsayin ranar da likitan ya yi shansa na ƙarshe, ita ce ranar kafuwar ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashayan da suka sakaya sunansu, wadda aka fi sani da AA. Ta bazu zuwa ƙasashe kusan 180. A 1951 kuma matan wasu daga cikin 'yan ƙungiyar suka kafa Al-Anon domin iyalan mashaya, wato domin irin su Halima.

Yadda zaman yake ba shi da wuyar fahimta. Ana haɗuwa a ɗakin aro, ko aji, ko zauren wurin ibada, ko wani ɗaki a asibiti, na kimanin sa'a guda. Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, mutum ya kasance yana son ya daina sha. Ba rajista, ba kuɗin shiga, sai ɗan abin da kowa ya ga dama ya jefa domin haya da shayi, kuma ba sa karɓar tallafi daga waje. Sunan farko kawai ake faɗa. Mai jagorancin zama shi ma mashayi ne da ya daina, kuma karɓa-karɓa ake yi. Kowa yana magana a kan kansa, ba a katse shi, ba a yi masa gyara. Sabon zuwa yana iya yin shiru har a tashi. Akwai zaman da ake buɗe wa kowa, har dangi da masu nazari, akwai kuma wanda sai mai matsalar kaɗai. Sabon zuwa yakan zaɓi wani da ya riga shi daɗewa ya zame masa jagora, wanda zai iya kira ko da tsakar dare. Ba a neman mutum ya yi rantsuwar har abada, alkawarin yini ɗaya ake ɗauka, gobe a sake.

Suna da matakai 12 da suke bi, waɗanda suka ƙunshi amincewa cewa abin ya fi ƙarfin mutum, da miƙa lamari ga Ubangiji, da bin diddigin laifuffukan kai, da faɗa wa wani amintacce, da neman waɗanda aka cuta a biya su haƙƙinsu, da kai hannu ga wani mai fama. Ƙungiyar ta samo tushe daga wata tafiyar Kiristoci, amma ba ta ɗaure kowa da wata aƙida ba. Musulmin birnin Baltimore sun kafa tasu a 1989 mai suna Millati Islami, bisa tsarin addininsu. Duk ɗalibin da ya san sharuɗɗan tuba, wato nadama da dainawa da ƙudurin rashin komawa da mayar da haƙƙi, ba zai ji waɗannan matakai baƙi ba. Mun kuma san cewa a mataki-mataki aka saukar da haramcin giya, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma ya zo a Sahihul Buhari cewa Manzon Allah (SAW) ya hana a la'anci wani mutum da aka sha kawowa saboda shan giya. An yi masa hukunci, amma ba a kore shi daga cikin jama'a ba.

Ko abin yana aiki? A 2020 cibiyar Cochrane ta tattara bincike 27 da suka shafi mutum sama da 10,000, ta gano cewa shirye-shiryen da suke kai mutane ga irin wannan zama sun yi daidai da sauran hanyoyin da masana suke bi, a wajen dainawa ɗungurungum kuma sun ɗara su. Duk da haka ba kowa yake dacewa da shi ba, da yawa sukan zo su tafi, kuma ba ya maye gurbin likita.

Neman Ƙofa Daga Zuru

Wani abokin aikinmu, malami mai hazaƙa wanda giya ta ci rabin albashinsa da dukan mutuncinsa, ya taɓa tare mu bayan an tashi daga makaranta ya ce: "Malam, kowa yana ce mini in daina. Na yarda. Ina zan je?" Muka yi tsuru-tsuru. Duk littattafan da muke koyarwa babu wanda ya ba mu amsa.

Amsar da muka tattaro daga baya ita ce wannan. Matakin farko asibiti ne, a gaya wa likita gaskiyar yawan abin da ake sha, domin a yanke cikin kulawa. Idan abin ya yi tsanani akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware kusa da Sakkwato da kuma Barnawa a Kaduna, kuma a wurin ma'aikatan irin waɗannan asibitoci ne ya fi dacewa a tambayi inda masu fama suke haɗuwa. Ƙungiyar AA tana zama a manyan birane irin su Legas da Abuja, kuma tun annobar korona ta 2020 zama ta waya da intanet ya yawaita, ta yadda mutum zai iya saurare daga ɗakinsa. Bisa al'adar ƙungiyar kuma, mutum biyu ko uku da suka haɗu da niyyar daina sha sun isa su zama rukuni.

Amma kowace ƙofa da ƙayarta. Kware tana da nisa, kuma sunan da jama'a suke kiran irin wannan asibiti ya isa ya hana mutum zuwa. Zaman intanet yawanci da Turanci ake yi, ga kuɗin data. Sakaya suna kuwa, a garin da kowa ya san babur ɗin kowa, abu ne mai wuya. Mace mai wannan matsala ta fi kowa shiga uku, domin ita ko a labaranmu ba ta da gurbi. Abokin namu dai a ƙarshe wajen wasu dattawa biyu ya dace, waɗanda suka riga shi dainawa. Sukan zauna a bayan wani shago bayan magariba, su sha shayi, kowa ya faɗi yadda ya wuni. Ba su da suna, ba su da allo. Ya koma ruwa sau biyu, kuma sau biyun suka je har gida suka ɗauko shi.

Abin da Marubuci Zai Tsinta

Na farko, wakilin suna. Adabin gargaɗi da "kai" yake magana: kai mashayi, ka bari, za ka gani. A zaman masu ciwo ɗaya kuwa da "ni" ake magana: na sha, na yi ƙarya, na sayar da buhun dawar gida. Mai sauraro yana iya toshe kunne ga "kai", amma "ni" ba ta zarge shi da komai ba, don haka sai ta shige shi. Littafin da ƙungiyar AA ta buga a 1939, babban kasonsa labaran mutane ne da bakinsu, kowa yana faɗin yadda yake a da, da abin da ya faru, da yadda yake a yanzu. Wato dai da ba da labari suke jinya, kuma ba da labari sana'armu ce. Mai son gwadawa ya ba mashayinsa baki ya yi magana da kansa.

Na biyu, zubi. Duk waɗannan ƙayoyi da muka lissafa kayan labari ne. Mutumin da ya zagaya ɗakin taro sau uku bai shiga ba. Wanda ya shiga ya tarar da tsohon ɗalibinsa a ciki. Musulmi da Kirista da suke riƙe da sirrin juna. Ranar albashi. Ranar da zai je ya biya mai burkutu tsohon bashi ya fito bai zauna ba. Matar da ta ƙi yarda, kuma tana da gaskiya. Wanda ya iya rubuta waɗannan ba ya bukatar mota ta buge kowa.

Na uku, gargaɗi ga kanmu. Kada mu tsere wa wa'azin Juma'a mu faɗa wa wani irinsa, mu mayar da zaman ya zama ruwan Bagaja, wanda da an sha an warke. A bar tauraro ya faɗi ya tashi, a bar wani a cikin rukunin ya tafi bai dawo ba. Haka kuma wanda aka ba shi izinin zama a irin wannan wuri domin nazari, amana ya ɗauka. Ya canza suna da unguwa da sana'a, ta yadda ko maƙwabci ba zai gane ba. Marubucin da ya tona asirin mai jinya ya rushe abin da ya zo yabawa.

Kammalawa

Ba muna cewa a daina gargaɗi ba, kuma ba muna neman a ƙawata giya ba. Mu'azu Haɗeja ya yi nasa aikin, Mohammed Sada ya yi nasa, saura namu. A garuruwa irin namu, inda babu allon da zai nuna wa mai nema ƙofa, mai yiwuwa a cikin ɗan littafin Hausa ne wani zai fara jin cewa akwai irin wannan zama, kuma shi da mutum biyu za su iya fara nasu. Matashin nan mai labari na uku ya karɓi gyaran dattijo da hannu biyu, kuma mun ji yana kai masa ziyara da littafin rubutu a hannu. Muna jiran labarin Asabar, daga gare shi da kuma sauran 'yan'uwa marubuta. Allah Ya ba masu fama lafiya, mu kuma Ya yi wa alƙalaminmu jagora.